Me Za Ka Yi a Bakin Iyaka? Lacca kan Ƙananan Wasannin Waya Masu Ba da Labari

 

Shugaban wannan zama, iyayenmu sarakuna da malamai, iyayenmu mata, malaman makaranta, ƙannena ɗalibai da sauran matasan Illela, barkanmu da yamma. Na gode da kuka bar harkokinku kuka zo.

Na san da aka ce laccar yau a kan gem ce, akwai dattawan da suka ɗan yamutsa fuska, kuma suna da hujja. Abin da uba ya sani game da gem shi ne shagon da yaronsa ke shigewa bayan la'asar, ya zauna gaban talabijin yana buga ƙwallon Barcelona da Madrid har a kira magariba bai ji ba. Uwa kuma ta san wayar da ke lashe kuɗin data da na caji. Wasu ma sun ga yadda wasan waya ya ja 'ya'yansu zuwa caca. Duk wannan gaskiya ne, kuma ban zo kare shi ba. Irin gem ɗin da na zo da maganarsa daban yake, yawancinmu ba mu taɓa cin karo da shi ba. Ɗan ƙarami ne, mutum ɗaya ko biyu ke haɗa shi a ɗakinsu, ana gama shi cikin minti biyar ko awa ɗaya ko biyu. Ba a cin kowa a ciki, ba a neman kofi. Abin da ya ƙunsa shi ne labarin wani abu da ya taɓa rayuwar wanda ya yi shi. Ra'ayina kuwa, garin nan cike yake da irin labaran da wannan sana'a ta fi iya ɗauka, kuma kayan aikinta sun yi arahar da za mu iya sa hannu a ciki tun yau.

Bari in fara da wanda ya fi kusa da ƙofar gidanmu. A shekarar 2013 wani Ba'amurke mazaunin Japan, Lucas Pope, ya fitar da gem mai suna Papers, Please, wato a kawo takardu. Shi kaɗai ya yi shi, zane da kiɗa da rubutu duka, kuma abin da ya zaburar da shi shi ne yawan tsayawa gaban jami'an shige da fice a tafiye-tafiyensa. A cikin gem ɗin kai ne jami'in. An ba ka ɗan akurkin ofis a bakin iyakar wata ƙasa ta ƙage mai suna Arstotzka, a ƙarshen 1982. Mutane sun yi dogon layi, kowa ya miƙo fasfo, kai kuma ka duba hoto, ka duba ranar ƙarewa, ka ga ko sunan da ke takardar izini ya yi daidai da na fasfo, sannan ka buga hatimi. Kore ya wuce, ja ya koma. Ana biyanka ne gwargwadon yawan mutanen da ka sallama. In ka yi kuskure ana yi maka uzuri sau biyu a rana, daga na uku tara ce a albashinka. Da dare kuma a jera maka lissafin gida: haya, abinci, kuɗin ɗumama ɗaki saboda sanyin ƙasar, da maganin ɗanka in ya kwanta. Kullum dokoki na ƙaruwa, kullum kuɗin ba ya isa.

A cikin kwanakin farko wani mutum zai zo da takardunsa cif. Kana buga masa hatimi sai ya ce matarsa na bayansa, ka tausaya mata. Matar ta matso, ba ta da takardar izinin shiga, ta ce in aka mayar da ita ƙasarsu kashe ta za a yi. Shi ke nan, babu wanda zai yanke maka hukunci. Hatimai biyu na gabanka, layi na jira, agogo na tafiya, kuma ka san halin da ka baro gida. Na ga samari masu bakin magana sun yi tsit a wannan wurin, sun riƙe waya sun kasa dannawa. Gem ɗin ya ci lambar BAFTA ta Ingila a 2014, yana da ƙarshe iri ashirin, kuma tun 2022 ana samunsa a wayar Android. Amma ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mutumin da bai taɓa taka Illela ba ya kama wani abu da kowane ɗan garin nan ya sani, cewa a bakin iyaka mai tambaya da wanda ake tambaya kowa na da bakunan da ke jiransa a gida.

A nan ne bambancin gem da fim ko littafi yake. Ku duba inda ake dara a gindin bishiya. 'Yan kallo da ke tsaye kowa ya ga inda ya kamata a kasa, kowa gwani ne, har suna zungurar juna. To a miƙa wa ɗaya daga cikinsu tsinken a ce zauna, nan take za ka ga ya yi shiru, domin yanzu in aka ci shi shi aka ci. Fim na barinka cikin 'yan kallo, kana iya cewa da ni ne da ban yi haka ba. Gem yana miƙo maka tsinken. Duk abin da ya biyo baya da hannunka ka jawo shi, shi ya sa labarin minti goma ke iya bin mutum har kan shimfiɗarsa.

Waɗanda suka gane haka sun fara zuba abin da ke cin ransu a ciki. A 2007 Jason Rohrer ya yi wani mai suna Passage, minti biyar cur. Kana tafiya, kana tsufa a kan idonka, in ka so ka ɗauki abokiyar zama, tafiyar ta fi daɗi amma akwai lungunan da mutum biyu ba sa iya shiga. Can sai ta riga ka, ka ga kabarinta, ka ci gaba kai kaɗai a sunkuye. Babu kalma ko ɗaya a cikinsa.

Wanda ya fi nauyi shi ne na wasu ma'aurata a Amurka, Ryan da Amy Green. An gano ɗansu Joel na da ciwon daji a ƙwaƙwalwa yana ɗan shekara ɗaya. Suka fara haɗa gem a kan jinyarsa tun yana raye, ya rasu a watan Maris na 2014 yana da shekara biyar, suka daure suka ƙarasa, suka fitar da shi a Janairun 2016 da sunan That Dragon, Cancer. Akwai wani wuri a ciki da kake matsayin uban, cikin dare a ɗakin asibiti, yaron na tsala kuka. Ka ba shi abin sha ya amayar. Ka ɗauke shi, ka jijjiga, kukan sai ƙaruwa yake yi. Duk wanda ya saba da gem ya san in ka danna daidai matsala za ta warware, don haka sai ka yi ta neman maɓallin da ya dace. Babu shi. A ƙarshe uban ya zauna ya yi addu'a bisa addininsa, sannan yaron ya samu barci. Iyayenmu mata da ke nan ba sa bukatar in yi musu bayanin wannan dare, da yawansu sun kwana shi a gefen gadon asibiti. Abin da iyayen Joel suka yi shi ne suka samo hanyar da saurayin da bai haihu ba zai ɗanɗani minti biyar daga cikinsa.

Kada a ɗauka sai mai wadata a ƙasar Turawa ke iya wannan. Rasheed Abueideh Bafalasɗine ne, ya yi ɗan gajeren gem na waya mai suna Liyla and the Shadows of War a 2016, a kan wata yarinya da iyayenta a yaƙin Gaza na 2014, kuma abubuwan da ke ciki daga abin da ya faru da gaske ya ɗauko su. Da farko kamfanin Apple ya ce ba zai sa shi a rukunin wasanni ba, sai dai a rukunin labarai, saboda akwai siyasa a ciki. Mutane suka yi ca, kamfanin ya janye. Abdullah Karam ɗan garin Hama na Siriya, da taimakon wasu 'yan Ostiriya, ya mayar da labarin gudun hijirarsa gem mai suna Path Out a 2017. In ka yi wauta a ciki, fuskarsa ta gaske ce ke leƙowa a gefen allo ya yi maka magana. A shekarar nan dai wasu Faransawa suka fitar da Bury Me, My Love, wanda duk cikinsa saƙonnin waya ne irin na WhatsApp tsakanin mata da miji. Ita ta bar garin Homs ta nufi Turai, kai ne mijin da ya rage a gida, tana tambayarka ta hau motar nan ko ta jira, ta ba mutumin nan kuɗin ko a'a. Wani lokaci sai wayarta ta yi shiru na awoyi, kuma da gaske sai ka jira. Gidaje nawa ne a ƙasar nan da suka yi irin wannan jiran, suna sauraron kiran ɗan da ya bi ta Agadas ya nufi Libiya ko Aljeriya?

Sai kuma Lual Mayen, wanda nake so matasa su riƙe sunansa. Ɗan Sudan ta Kudu ne, a sansanin 'yan gudun hijira a arewacin Yuganda ya girma. Mahaifiyarsa ta yi shekara uku tana ɗinki tana tari har ta haɗa dala 300 ta saya masa kwamfuta. Tafiyar awa uku yake yi a ƙafa kafin ya kai inda zai yi mata caji. Da kansa ya koyi aikin, ya haɗa gem mai suna Salaam a kan yaƙi da zaman lafiya, ya riƙa tura wa mutanen sansanin ta bulutut. A 2018 aka karrama shi a babban bikin wasannin bidiyo na duniya da ake yi a Amurka. Mu nan kowace unguwa akwai mai cajin waya, kuma rana ba ta yi mana rowa ba.

To mu dawo gida. Iyakar da ke tsakaninmu da Ƙonni ta Nijar, Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, ta ratsa ta tsakiyar dangi, yare ɗaya, alƙibla ɗaya, auratayya tun kaka da kakanni. A watan Agustan 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai 16 ga Disambar 2020, kuma Illela na cikin huɗun farko da aka buɗe, tare da Seme da Maigatari da Mfun. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. In aka haɗa, kusan shekara biyu ke nan cikin biyar garin da ke ci daga zirga-zirga yana zaune da ƙofa a kulle. 'Yan jarida sun zo, sun ɗauki hoton layin tireloli, sun yi hira da shugabannin 'yan kasuwa, sun faɗi kuɗin da aka yi asara, kuma sun kyauta. Sai dai rahoton minti uku ba ya iya ɗaukar abin da direba ya ji a kwana na huɗu, ko abin da matar da uwarta ke kwance a Ƙonni ta yi ta saƙawa kafin ta hau bayan ɗan kabu-kabu ta bi ta daji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba a rasa masu ƙoƙari a kusa da mu ba. A Legas, kamfanin Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a 2012 ya yi wasannin waya da dama, har da wani mai suna Aboki Run. A Yamai, Mahaman Sani Housseyni Issa ya yi Les Héros du Sahel, da jaruminsa Shamsou mai samun ƙarfi daga hasken rana. A Kamaru, Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016. Ina jinjina musu duka. Amma waɗannan wasannin gudu ne da faɗa da jarumta, an yi su don nishaɗi da kasuwa mai faɗi. Gurbin da nake hange shi ne na ɗan labarin da ba jarumi a ciki, wanda ɗan Illela zai ba da da bakinsa, da Hausarsa.

Bari in nuna muku abin da nake nufi, domin gani ya kori ji. A ce wani direba a cikinku ya zauna da ƙaninsa ɗalibi, ya ba shi labarin zaman da ya yi a layi da lodin albasa. Ɗalibin ya ɗauki takarda ya rubuta allon farko kamar haka: Kwana na huɗu. Warin albasa ya fara sauyawa. Yaron motarka ya ce buhunan ƙasa sun jiƙe. Mai kaya ya kira sau biyu ba ka ɗauka ba. Abin da ke aljihunka zai ciyar da ku yau da gobe. A ƙasa sai ya jera zaɓi uku. Ka kira mai kaya ka gaya masa gaskiya. Ka sayar wa dillalin da ke zagaya motar buhu goma a rabin kuɗi ba tare da izini ba. Ka jira, an ce gobe za a buɗe. Kowane zaɓi takardarsa daban. In ka kira mai kaya, ya ce kada ka taɓa ko buhu ɗaya, to ka fita haƙƙinsa amma albasa na ci gaba da ruɓewa. In ka sayar, kun ci abinci, an sayo wa yaron mota maganin zazzaɓi, amma daga ranar duk lokacin da waya ta yi ƙara gabanka zai faɗi. In ka jira, gobe ta yi, ba a buɗe ba, dillalin ya dawo ya rage tayinsa. Takarda ashirin ko talatin irin wannan sun isa gem na minti goma sha biyar. Kuma ku lura, ba na so a sa zaɓi ɗaya ya zama shi ne daidai, a yi wa mai wasa tafi. Da akwai mafita mai sauƙi da direban ya same ta tun ranar. Ƙarfin labarin yana cikin gaskiyar cewa kowace hanya da abin da za ta ci maka.

Ina kuma so wani ya yi na ɗaya gefen, na ƙaramin jami'in da aka turo daga nesa, aka ba shi umurni, ga kuma tsohuwa a gabansa da ƙullin gero tana ce masa ɗana. Wanda ya buga na direba ya buga na jami'i, in ya fito zai rage saurin yanke hukunci a majalisa.

Ba dole sai iyaka ba. Wanda ni na fi ƙaunar in gani ma na rago ne. Yaro ne aka ba shi ɗan tunkiya ya kiwata. Kowace safiya a cikin gem ɗin ka dama masa dusa, ka ba shi harawa, ka kai shi inuwa, ka cire masa kaska, ka raɗa masa suna. Aikin maimaici ne, kuma da gangan, domin a maimaicin ne shaƙuwa ke shiga. Ran nan sai baba ya ce Lahadin nan za a kai shi kara, kuɗin makarantarka ne. Kai ne za ka ja igiyar har kasuwa, ka tsaya dillalai na taɓa ƙugunsa suna buɗe bakinsa, ana ta albarka, har a ce an sallama. Abin da ya rage wa mai wasa shi ne ya danna ya saki igiyar, kuma gem ɗin ba zai matsa ba sai ya danna. Rabin mazan da ke zaune a nan sun taɓa sakin wannan igiya. Haka 'yan mata ke da nasu, na talla, na ranar farko a gidan miji, na koyon tuwo a hannun kaka. Wasu Tamilawa 'yan asalin Indiya da ke Kanada sun yi irin wannan a 2023 da gem mai suna Venba, inda kake girka abincin gida daga littafin girkin uwa da ya lalace, ɗanka kuma na girma yana nesanta da yarenku. Dattawanmu ma akwai abin da za a ɗauka a bakinsu tun suna raye, yadda tafkin Kalmalo yake a ƙuruciyarsu, yadda ake fatauci da jakuna da raƙuma kafin kwalta.

Wani zai ce wannan aikin manyan kamfanoni ne. Haka aka ce game da buga littafi. A shekarun 1980 zuwa 1990 matasan Kano, maza da mata, suka gaji da jiran kamfanonin ɗab'i, suka riƙa kai rubutunsu wurin ƙananan maɗaba'a da kuɗin aljihunsu, a buga a takarda mai araha a kai kasuwa. Daga nan su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka fito. An raina su, an kira abin adabin kasuwa, amma su suka sa dubban matan aure karatun Hausa. Fim ɗin Turmin Danya na 1990 ma 'yan wasan daɓe ne suka yi shi da kyamarar bidiyo. Yau marubuta mata na sakin labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp, masu karatu na biya ta waya. Mun saba fara abu da ɗan abin da ke hannu, kuma marubutan nan na waya su na fi sa wa rai, domin sun riga sun iya riƙe mai karatu. Abin da ya rage su koya shi ne yi wa labari rassa.

Kayan aikin kuwa kyauta ne. Akwai manhaja mai suna Twine da Chris Klimas ya fitar a 2009. In ka buɗe ta za ka ga fili da 'yan akwatuna, kowane akwati shafi ɗaya ne na labari. Kalmar da kake so ta zama ƙofa zuwa wani shafi sai ka kewaye ta da baka biyu masu kusurwa, manhajar da kanta za ta buɗe sabon akwati ta ja zare tsakaninsu. Wanda ya iya rubuta saƙo a waya zai koyi wannan a zama ɗaya. In ka gama, abin da za ta ba ka fayil ɗaya ne tak, mara nauyi, mai buɗuwa a waya ba tare da intanet ba. Kana iya tura shi ta WhatsApp, ko ta Xender, ko ka kai wa masu tura fina-finai a kasuwa su riƙa haɗawa da shi. Ya fi daɗin aiki a kwamfuta, don haka kwamfuta ɗaya a makaranta ko shagon buga takardu ta ishi mutum biyar, tunda ainihin aikin a takarda ake yinsa. Mai son zane akwai Bitsy ta Adam Le Doux, inda ake zana ɗan mutum da ɗan ɗaki da ɗigo-ɗigo. Mai son hotuna da fuskoki akwai Ren'Py. In kana so duniya ta gani, shafin itch.io da aka buɗe a 2013 yana karɓar aikin kowa ba ko sisi.

Maganar kuɗi kuma gara in faɗe ta a fili, kada wani ya bar sana'arsa. Mafi yawan masu yin irin waɗannan wasanni a duniya ba sa samun abin kirki daga gare su. Sa gem a kasuwar Google yana bukatar rajistar dala 25, a kasuwar Steam kuma dala 100 kan kowane gem, kuma karɓo kuɗi daga waje zuwa nan wahala ce mai zaman kanta. Wanda zai shiga ya shiga don labarin, ya riƙe kasuwarsa ko karatunsa. Ribar da nake da tabbaci a kanta ita ce, yaron da ya zauna ya tsara in an yi kaza sai kaza ta faru, ya bi kowane reshe ya gyara inda ya karye, ya riga ya kama tushen tunanin da ake rubuta manhaja da shi, ko da bai sani ba.

Akwai amana a cikin wannan aiki, kuma ina roƙon malamanmu su sa ido a kai tare da mu. Labarinka ba naka ba ne kai kaɗai, akwai uwarka a ciki, akwai maƙwabci, akwai matar da ka saki. Mu mutane ne masu kunya da rufin asiri, kuma ban ga dalilin zubar da su don mun riƙe sabon kayan aiki ba. Ka nemi izinin wanda ya ba ka labari, ka sauya suna da unguwa, ka nuna masa abin da ka yi kafin ka saki. Kada ka ambaci jami'i da sunansa, kada ka zana hanyar daji yadda wani zai bi ta ya cutu ko ya cutar. Abin da ba za ka iya karantawa a gaban mahaifinka ba, sake duba shi. Batun ɓata lokaci kuwa, gajartar waɗannan wasanni ita ce kariyarsu. Manyan wasannin waya an gina su ne don kada ka ajiye, su kuwa waɗannan suna ƙarewa, su sallame ka ka tashi ka yi salla.

Saura harshe. In ɗan kabu-kabu zai yi magana a gem ɗinka, bar shi ya yi ta yadda yake yi a tasha. In a nan cewa ake yi mi kaɗ ɗauko, ko ina za ka da wanga kaya, to haka za a rubuta, kada a mayar da shi Bakano. In ɗan canji na lissafi da jikka da dala, a bar masa lissafinsa na sefa. Ɗan Tawa da ɗan Gwadabawa za su ji muryar gida, ɗan Kano kuma zai koyi wani abu. Sai a kula da haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, domin wasu nau'o'in rubutu na kwamfuta ba su san su ba, sai su fito da ɗan akwati a madadinsu. Ka gwada aikinka a wayoyi biyu ko uku, har da mafi arahar da ke gidanku, kafin ka raba. Sannan mu tuna da yawan mutanenmu ba sa karanta boko, 'yan'uwanmu na ƙetare kuma da Faransanci suka yi makaranta. Maganin wannan murya ce. A ɗauki kowane shafi da murya a waya, a sa hoto a kan kowane zaɓi, yadda direban da ya ba da labarin zai iya buga gem ɗinsa da kansa ya ce nan kun yi daidai, nan kuwa ba haka aka yi ba. Sa murya yana ƙara wa fayil nauyi kuma yana bukatar wanda ya ɗan ƙware, don haka a fara da rubutu, in labarin ya zauna a ƙara sauti.

Ga malaman makaranta da ke nan, abin da nake roƙo awa biyu ce a mako da aron aji ɗaya. A raba yara uku-uku, mai tambayo labari, mai rubutawa, mai zane ko ɗaukar murya, a ba su wata ɗaya, a ce kada gem ya wuce minti goma. Na zo da kwamfuta da Twine a ciki, duk mai so ya tsaya bayan an tashi mu haɗa shafi uku na farko tare.

Nan zan dakata, shugaba, a ba jama'a dama su yi tambaya.